Saura kwana tara in kai E36 dina kan dyno, me ya rage ban duba ba?

Mai E36: Salamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Dan Allah masu ilimin abin ku taimaka min da shawara. Shekara daya da wata hudu kenan ina hada motata, BMW E36 325i ce ta 1994, injin M50B25 mai vanos (tsarin da ke canza lokacin bude bawul). Mun sauke injin gaba daya an sa sabon ringi da metal, fistin da kwanrod na asali muka mayar tunda lafiyarsu kalau, an share fuskar top silinda, na sa gasket na karfe mai kauri don compression ya sauko daga 10.5 din da kamfani ya yi shi, sannan studs na ARP. Turbo Holset HX35 ce irin ta injin Cummins, nozul 630cc guda shida, famfon mai Walbro 255, intakula mai sanyaya iskar turbo a gaba, na cire brain box na asali na sa EMU Black, ECU ce da ake saitawa da laptop. Sifirin din wastegate, wato bawul din da ke kayyade boost (matsin iskar da turbo ke turawa), 0.5 bar ne. Motar tana tashi tana rike silo, na zagaya unguwa da ita sau uku amma ban taka ba. Mai dyno, wato na'urar da ake dora mota a auna karfinta a yi mata tuning, ya bani Asabar ta sama, awa awa yake caji kuma ba garinmu yake ba sai na dauki towing. Burina karfin doki 350 a taya. Wallahi bana so in je in ji kunya ko in dawo da inji a buhu, me zan duba kafin ranar?

Dan Panteka: Wa alaikumus salam. Masha Allah oga, aiki ya yi. M50 bulok dinsa na karfe ne, 350 ba komai bane a wurinsa, ka cika tanki kawai ka tafi

Tsohon Bakanike: A'a Dan Panteka kar ka tura yaro haka. Kanena tambaya daya zan fara yi maka, da aka sa ringin nan an auna gap dinsa, wato tazarar da ke tsakanin bakinsa biyu, a cikin silinda ko yadda aka bude kwali haka aka zura?

Mai E36: Baba gaskiya a gabana aka sa, ban ga an auna ba. Sabo ne standard shi yasa ban kawo komai a raina ba

Tsohon Bakanike: To nan ne maganar take. Ringin da aka yi don injin da ba turbo gap dinsa a matse yake. In ka sa boost zafi yana karuwa a kan fistin, ringi ya mike, bakinsa biyu su hadu, in suka hadu ba inda zai je sai ya balle gefen fistin. Fadin silindar M50 milimita 84 ne, masu hada shi da turbo suna bude ringin sama ya kai wajen milimita 0.45 zuwa 0.50. Ni da hannuna na ciro fistin da gefensa ya karye kamar an gutsiri biskit, kuma mai motar ya rantse min ko sau daya ba ta yi obahitin ba.

Dan Panteka: Baba da girmanka amma silindar da ta yi shekara talatin tana aiki ai ta riga ta ci, ko ba a goga ringi ba gap din zai fi na kamfani budewa. Mutane nawa suka dora turbo a kan injin Beljiyam ko murfi basu bude ba kuma suna yawo

Tsohon Bakanike: Suna yawo da tsohon ringi wanda ya riga ya saki. Shi sabo ya sa. Ba daya bane.

Injiniya: Ku duka biyun kuna da gaskiya ta wani ɓangaren. Ɗan uwa Mai E36, ba zan ce ka sake sauke inji saura kwana tara ba, amma dole ka gaya wa mai tuning cewa ba a auna gap ba, kuma ka tsaya a kan sifirin ɗinka na 0.5 bar a wannan zuwan na farko. A 0.5 bar da man da ya isa da timing (lokacin da fulogi ke ba da wuta) mai sauƙi, zafin da fistin zai gani bai kai wanda zai haɗe ringi cikin sauƙi ba. Amma in kana son 350 a taya to lissafi ya nuna sai ka haura sosai. Injin nan daga kamfani doki 192 yake bayarwa a kan karanshaf, kafin ya isa taya giya da farfela da aksul sun ci wajen kashi 15 cikin ɗari, kenan kana da 160 da ɗoriya. Kowane bar ɗaya na boost kusan ninka iskar da ke shiga yake yi, to 0.5 bar zai kai ka wajen 240 zuwa 260, 350 kuwa sai ka ɗan wuce bar ɗaya. Wannan ba aikin ranar farko ba ne da ringin da ba ka san gap ɗinsa ba.

Mai E36: Kai, wannan lissafin ya sanyaya min jiki wallahi. Amma na gane. Ci gaba Injiniya ina rubutawa

Injiniya: Abin da nake so ka riƙe shi ne mai dyno ba bakanike ba ne a ranar, abin da ka kawo masa shi zai yi wa tuning. In tiyo ya fita ko mai ya zuba, agogonsa bai tsaya ba, kai ke biya. Saboda haka duk abin da za a iya ganowa a gareji a gano shi a gareji.

Fara da compression test, inji da ɗumi, totur a buɗe, ka rubuta na kowace silinda. Ba girman lambar ya fi damuna ba tunda ka sa gasket mai kauri dole ta sauka, abin dubawa kar tazarar da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta ta wuce kashi 10. In ka samu mai na'urar leak down ma ya fi, ita za ta gaya maka ta ina iska ke gudu, in ta wajen murfin baƙin mai kake jin huci ringi ne, in ta salansa bawul ne, in lagireto na kumfa gasket ne.

Sai gwajin yoyon iska. Ka toshe bakin turbo da murfin roba mai bawul ɗin taya, ka hura iska da kwamfuresa ta kai bar ɗaya, ka bi duk mahaɗa da ruwan omo. A M50 akwai tiyon da ke ƙarƙashin manifol wanda ke zuwa bawul ɗin silo, kamfani cusa shi kawai suka yi da ɗan kilif saboda injin tsotsa yake ba hurawa ba, da boost ya shigo sai ya tofar da shi. Wannan ya ɓata wa mutane da yawa ranar dyno. Haka tiyon numfashin inji da ke fitowa daga murfin sama, in har yana haɗe da inda boost ke bi to iska za ka riƙa turawa cikin inji, sai sil ya fara zubar da mai.

Mai Rewaya: Ni bangarena zan fada. Famfon Walbro din nan da wace waya ka bashi wuta? in tsohuwar wayar mota ce to ka ja sabuwa mai kauri daga batir da rile da fis dinta, tsohuwar ta zama ita ke kunna rilen kawai. Wayar shekara talatin in ka auna a bakin famfo zaka ga wutar ta fadi kasa da ta batir sosai, kuma famfo in wuta ta ragu mai yake ragewa daidai lokacin da inji yafi bukata. Sannan earth, earth, earth. Na ECU ya tafi kan inji inda littafinsa yace, kar ka hada shi da na koyil a kusa daya. Wayar sensan karanshaf kuma ka nesanta ta da koyil da altaneta, in ba haka ba a 5000 rpm zaka ga mota tana yankewa kowa yace mai ne alhali siginal ne ke bata

Mai Rewaya: Na manta, ka daidaita timing da fitila? ba wai abinda laptop ke nunawa ba

Mai E36: Wanda ya bani base map, wato saitin farko na ECU, yace ya riga ya sa trigger 60-2 da angle din M50, ban sa fitila ba

Mai Rewaya: To ka sa. Ka kulle timing a kan digiri 10 a cikin ECU, ka daga koyil na daya ka hada shi da fulogi da guntun wayar fulogi irin ta tsofaffin motoci don fitilar ta samu inda zata kama, ka haska fuli ka gani ko 10 din ne da gaske. Ka taka totur kadan ka ga ko alamar tana gudu. In laptop na cewa 15 inji kuma yana ganin 20 to mai tuning yana aiki ne a makance

Na Sharja: Sannunku. Ni nan inda nake harkar kayan mota na sha tsayawa a wurin dyno, kuma abin da na ga yafi kashe inji bayan an gama ba a kan dyno yake faruwa ba, a titi ne bayan sati biyu. Dalili fetur. Nan Sharja muna da Super 98 da Special 95 a kowane gidan mai, a Najeriya fetur kala daya ne kuma ma'auninsa na octane RON 91 ne. Base map din da aka baka in daga wani dan Amurka aka kwafo shi mai cewa 93, to ka sani lissafinsu daban ne, 93 dinsu yayi daidai da wajen 98 a irin namu lissafin. Timing din da wancan man zai dauka namu ba zai dauka ba.

Dan Panteka: Shi yasa ake zuba octane booster ai. Ya sayi kwalba biyu ya juye ranar dyno, lamba zata fito da kyau

Na Sharja: Wallahi wannan shawarar ita ce nake tsoro. In ya juye booster aka yi tuning a kai to ya daure kansa, duk ranar da ya sha mai ba booster injin yana cikin hadari. Ka yi tuning da man da zaka rika sha kullum, daga gidan man da ka saba, ka cika jarka biyu ka tafi da su. In kana son map na biyu na mai mai kyau EMU tana iya rike shi, amma na yau da kullum shi ne farko.

Dan Panteka: To amma kudin towing da kudin dyno duk ya biya ya dawo da 240? ai ko Camry V6 tafi haka

Dan Jos: Bari in baku labarin tawa don abin ya faru dani. An yi min tuning cikin hunturu da safe, sanyi har ana hura hannu, kuma na zuba booster don ina son lamba in nuna wa abokai. Lambar ta fito, na ji dadi sosai. Watan Afrilu na sauka Kano biki, rana tsaka zafi ya haura 40, mai ya kare min a hanya na sayi galan wurin yan bumburutu. Kun san Jos tana sama da mita 1200, Kano kuwa bata kai 500 ba, ga iska tafi kauri ga zafi ga man da ban san asalinsa ba. Na taka a giya na uku, na ji wani kara siriri kamar ana watsa tsakuwa a cikin gwangwani, bai fi dakika biyu ba. Kafin in isa masauki hayaki ya fara fita ta murfin bakin mai. Da aka bude fistin na shida ne ya tafi, na can baya wurin da zafi yafi taruwa. Wata bakwai motar tana ajiye. Har yau in na tuna raina baci yake.

Tsohon Bakanike: Allah ya mayar da alheri. Kuma yara ku bambance, abin da mu a gareji muke cewa inji ya buga wato metal ya cinye karanshaf ya kama, daban yake da wannan knock din da masu tuning ke fada. Nasu shi ne mai ya fashe da kansa a cikin silinda ba a kan tsari ba, shi ne karan tsakuwar da Dan Jos ya ji. Mai tuning na kirki zaka ganshi da abin saurare a kunne manne da bulok, in baka ga ya sa ba ka tambaye shi da me yake jin knock.

Injiniya: Ƙari a kan maganar mai, ku tuna Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai methanol da yawa, motoci suka lalace layi ya dawo gidajen mai. Motar da ba a taɓa ba ma ta sha wahala balle mai turbo. Shi ya sa nake cewa a bar tazara, in inji ya fara knock a wani digiri kar a tsaya dab da shi, a ja baya da digiri biyu ko uku, kuma a sa ECU ta riƙa rage timing da kanta in zafin iskar da ke shiga ya hau. Wannan yana buƙatar sensan zafin iska ya kasance bayan intakula kusa da totur, ba a wani lungu da zai riƙa ɗaukar zafin manifol ba. Wideband ɗinka, wato sensan da ke auna haɗin iska da mai a salansa, kuma ya zama sabo kuma kar salansa ta yi yoyo kafin wurinsa, in iska na shiga ta nan zai nuna mai ya yi kaɗan alhali ƙarya ne. A silo da tafiyar hankali iska kashi 14.7 ga mai kashi ɗaya ake nema, cikin boost kuwa wajen 11.5 zuwa 12.

Mai E36: Na gode kwarai. Tambaya ta gaba, ringin sabo ne ko kilomita 20 bai yi ba. Wasu sunce sai nayi 1000 kafin dyno wasu sunce a kan dyno ake zaunar da shi, wanne ne?

Tsohon Bakanike: Ni dai yadda na koya kuma nake yi, kilomita dubu a hankali da bakin mai na gargajiya ba synthetic ba, a juye a canza filta, sannan a taka.

Na Sharja: Baba a nan kam zan saba maka. Wannan tsarin yana aiki ne in brain box na kamfani ne wanda ya san adadin man da zai bayar. Shi base map gare shi wanda ba wanda ya tabbatar, in yana zuba mai fiye da kima fetur zai rika wanke bangon silinda, kilomita dubu a haka ringin ba zai taba zama ba sai dai silinda tayi santsi. Ringi matsi yake so ya danna shi jikin bango, kuma mafi yawan zaman a farkon gudu yake faruwa. Abin da nake gani ana yi, a dora a dyno mai iya rike lodi, a gyara man silo da na tafiya, a yi ta hawa da sauka da matsakaicin lodi ana barin inji ya ja kansa da giya, a juye mai a duba, sannan a shiga boost kadan.

Tsohon Bakanike: Naji hujjarka ta wanke silinda kuma gaskiya ce, na taba ganin bakin mai yana warin fetur saboda haka. Amma ni ban yarda a taka inji har karshe a ranar da aka fara zaunar da shi ba. A raba zuwan biyu.

Injiniya: Raba shi biyu shi ne daidai, kuma ya dace da maganar gap ɗin ma. Ka tambayi mai dyno wace iri ce tasa. Akwai wadda nauyin ganga kawai take aunawa kamar yawancin Dynojet, akwai mai birki da ke riƙe mota a rpm ɗaya kamar Mustang ko Dynapack da ake ɗaurawa a hob bayan an cire taya. Mai riƙe lodi ita ke ba da damar gyara map gida gida. Kuma lambobinsu ba sa zama ɗaya, mota guda za ta iya nuna lamba mai girma a wannan ta nuna ƙasa a waccan, to kar ka kwatanta takardarka da ta wani.

Mai Rewaya: Tamostat na ciki ko an cire irin yadda muka saba?

Mai E36: Bakanike na ya cire wai saboda zafin kasarmu

Injiniya: Mayar da shi. ECU tana ƙara mai ne in ta ga inji bai yi ɗumi ba, in zafin ruwa na yawo sama da ƙasa mai tuning ba zai samu tsayayyen wuri ba. In kana tsoron zafi gyara abin da ke sanyayawa. E36 an san ta da famfon ruwa mai farfelar roba da ke farfashewa da wuyan lagireto na roba da ke karyewa, sa mai farfelar ƙarfe, ka fitar da iska daga ruwan da kyau. Tunda kun buɗe ƙasan injin, notin famfon baƙin mai fa? Na M50 yana kwancewa in ana yawan kai shi rpm na sama, haƙorinsa na hagu ne, ana ɗaure shi da waya ko a ɗan ɗiga masa walda. In ya kwance fresha na tafiya gaba ɗaya lokaci guda.

Mai E36: Wannan kam mun daure shi da waya, na gani a bidiyo kafin mu rufe. Alhamdulillah ko daya na ci

Mai E36: Jama'a na dawo, kwana hudu muna kai. Compression daga ta daya zuwa ta shida 160, 158, 162, 160, 157, 161. Gwajin iska kuwa ko rabin bar bamu kai ba muka ji fuf, tiyon karkashin manifol din nan da Injiniya ya fada ya fita, ina tsaye ina kallonsa yana lilo. Mun daure shi, muka sake hurawa sai ga kumfa a bakin intakula ta hagu, bututun ba shi da dan tudun da ke rike tiyo, mun kai an yi masa. Fitila ta nuna 14 a inda laptop ke cewa 10, wato da digiri hudu nake gaba ban sani ba, jikina har rawa yayi da na tuna labarin Dan Jos. Mun gyara angle yanzu 10 na nuna 10 har 3000 rpm. An ja wa famfo sabuwar waya, fresha na mai 3.5 bar in an cire tiyon regileta. Tamostat ya koma. Na kira mai dyno na gaya masa maganar ringi, yace tasa mai rike lodi ce, mu yi zaman ringi da 0.5 bar kawai, in na yi tafiya da ita na dawo a duba sauran.

Dan Panteka: Digiri hudu? kai. To na janye maganar cika tanki a tafi. In kana bukatar kilif na T-bolt ka yi min magana akwai su

Tsohon Bakanike: Madalla kanena. Kuloch fa? na asali ba zai rike ba ko a rabin bar, in ya fara zamewa a kan dyno an tashi aiki. Ka leka robar farfela ta bayan giya ma ko ta tsage, da tayoyin baya kar ka je da masu faci ko wadanda suka bushe, ganga tana zafafa taya sosai.

Mai E36: Kuloch sabo ne mai faifai shida Baba, robar farfela ma sabuwa. Giyar dai Getrag ce ta asali, ZF ta 328i nake nema kafin zuwa na biyu. Tayoyin zan canza gobe in sha Allah

Na Sharja: Ka tafi da fulogi saiti biyu, NGK BKR7E, ka matse gap ya dawo wajen milimita 0.6 zuwa 0.7 don boost na iya hure wuta in ya bude da yawa. Bakin mai da filta na canji, ruwan lagireto, tiyo da kilif na kari, fis, akwatin sifana, laptop da cajarsa da wayar ECU, da abin kashe gobara naka na kanka. Kuma kafin a fara kace ya sa boost cut, wato iyakar da ECU zata yanke inji in boost ya wuce, kadan sama da sifirin dinka ko da tiyon wastegate zai fita.

Mai E36: Duk na rubuta. Jarka biyu na mai sun isa ko in kara ta uku?

Na Sharja: Tanki cike da jarka biyu masu lita 25 zasu isa wannan zuwan. Ka saya ranar Juma'a a gidan man da ka saba, duka daga famfo daya.